Baffana Ya Naɗa Ni Injiniyan Gininsa, Ni Kuwa Ban Gama Karatu Ba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, haifaffen Agege, ina aji huɗu a wata jami'a a nan Legas, ina karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi. Mahaifina ya rasu ina firamare. Baffana, yayan mahaifina, shi ya ɗauki nauyinmu, ni da ƙannena uku da mahaifiyarmu. Ɗan kasuwa ne, yana harkar kayan gwari a Mile 12. Tun daga kuɗin JAMB har kwamfutar da nake zane da ita, daga aljihunsa suka fito, kuma bai taɓa yi mana gori ba.

Bana lokacin SIWES ɗinmu ya zo, wata shida na koyon aiki. Baffa ya ce ba sai na je ko'ina ba, tunda yana gina gidan haya a wata unguwa da ke bayan kasuwa, in zauna nan in riƙa duba masa. Da farko na yi murna, amma abin da na gani ya hana ni barci. Zanen da gwamnati ta amince da shi na bene hawa ɗaya ne, yanzu an zuba dekin na biyu, ana maganar na uku. Ba a yi gwajin ƙasa ba, ga shi wurin fadama ce aka cike. A zane an rubuta rodi mai 16 a filoli, amma mai 12 na ga ana ɗaurawa. Kankare kuwa, buhun siminti ɗaya sai ya ci kwano kusan 18 na yashi da tsakuwa. Injiniyan da ya yi zanen, tun daga fandisho ba a sake kiransa ba. Da na yi wa shugaban magina magana sai ya yi dariya, ya ce shekara 30 yana gini, ni kuwa takarda kawai na sani. Baffa kuma ya ce, “Kuɗin da na kashe a kanka ai na wannan ranar ne. Kai ne injiniyana.” Har ya ce in jami'an gwamnati sun zo, ni zan tsaya in yi musu bayani.

Na faɗa wa Umma, ta ce in rufa mata asiri, kada a ce mun yi butulci. Malam, in na yi shiru ina tsoron ranar da za a kwashi gawa. In na yi magana ina tsoron karatuna da na ƙannena ya tsaya. Har na fara tunanin ko karatun ma ɓata lokaci ne, tunda abin da ake koya mana daban, abin da ake yi a fili daban. Yaya zan yi?

Ɗalibi daga Agege

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Baffanka da alheri bisa riƙon marayun da ya yi. Na fara da wannan ne don kada ka ɗauka zuga ka zan yi a kan mutumin da ya tsaya maka tsayuwar uba. Rashin barcin nan naka ba butulci ba ne, ba kuma girman kan ɗan boko ba ne. Idonka ya ga abin da zai tayar da hankalin duk wanda ya san gini. Abu biyu ne ba ka da ikon yi: ba za ka karɓi sunan injiniyan wannan gini ba, ba kuma za ka ja bakinka ka yi shiru ba. Abin da ke tsakaninsu, wato yadda za ka faɗa, da wanda za ka bi ta hannunsa, da lokacin da za ka zaɓa, a nan dabara take, kuma ta nan za ka iya tsira da zumuncinka.

Mu fara da ginin kansa, domin in ka je gaban Baffa da “ina jin tsoro” kawai, shugaban magina zai kayar da kai da dariya ɗaya. Da lissafi za ka je. A idon mai saye, tsakanin rodi mai 16 da mai 12 milimita 4 ce kacal. Amma kai ka san faɗin bakin rodin ake lissafawa in an yanke shi: mai 16 yana da kusan murabba'in milimita 201, mai 12 kuwa 113. Ke nan in adadin sandunan bai ƙaru ba, duk filar da aka sauya wa rodi an zare mata kusan kashi 44 cikin 100 na ƙarfen da mai zane ya tanadar mata. Tanadin nan nasa kuma na hawa ɗaya ne. An rage ƙarfe, sannan an ƙara nauyi.

Kankaren ya ma fi rodin damuna, don a jikin fila shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin da ke dannowa daga sama. A haɗin 1:2:4 da aka saba, buhu mai kilo 50 yana cin kamar kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, 12 ke nan. In an kai 18, an ja simintin ya yi aikin buhu ɗaya da rabi. In kuma ana tsuga ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka da zubawa, ƙarfin ya ƙara sauka. Tunda kana wurin, ka leƙa barandar da ta fito waje babu fila a ƙarƙashinta. Rodin irin wannan baranda a sama ya kamata ya zauna, amma ranar zubi ƙafafun lebura da tayar baro kan danne shi ya koma ƙasa, a rufe da kankare babu wanda ya lura. Daga waje sumul take, ciki kuwa babu abin da ke riƙe da ita yadda ya kamata.

Sai ƙasa, wadda ita ce uwar matsalar. Kai da ka tashi a Agege ka saba da jar ƙasa mai tauri, wadda ke yafe wa magini kurakurai da yawa. Ba ka faɗi sunan unguwar ba, amma yankin da ke bayan Mile 12, su Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, kwarin kogin Ogun ne. Duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan, mutanen wajen sun san abin da ke biyo baya. Ƙasar cikon da aka zuba a sama tana iya yin tauri har tifa ta taka, alhali a ƙarƙashinta akwai taɓo da ruɓaɓɓen ciyayi da ke lotsawa a hankali, shekara da shekaru. Kuma ba daidai yake lotsawa ba, wani gefen kan riga wani. Shi ya sa a Lekki da Victoria Island ake kafa turakun kankare su nutsa har su sami ƙasa mai ƙarfi, ko a zuba fandishon shimfiɗa da ya game duk faɗin gidan. Gwajin ƙasa ne ke faɗa wa mai zane wanda zai zaɓa.

Duk da haka, hukuncin ko ginin nan zai tsaya ba a bakinka yake ba, ba kuma a bakin shugaban magina ba. Yana wurin gwaji. Ka fara tambaya cikin ladabi ko akwai wani sabon zanen da ba a nuna maka ba. In babu, ginin da ya riga ya tashi ma ana auna shi: akwai gudumar da ke auna taurin kankare, akwai na'urar da ke gano girman rodi da wurin zamansa a cikin fila, ana kuma huda a ciro curin kankare a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe. Jihar Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini nata, LSMTL, saboda irin wannan aiki. Sabon zubi kuma a riƙa ɗibar samfuri a akwatin milimita 150, a matse a kwana 7 da kwana 28. Takardar sakamako ba ta san dattijo ba, ba ta san yaro ba, don haka ita za ta cire ka daga cacar baki.

Yanzu sunan da Baffa ya raɗa maka. A gida a kira ka Injiniya don ƙauna da fatan alheri, babu laifi, ka amsa da amin. A gaban jami'an gwamnati kuwa magana ta sauya. Tun 1970 aka kafa COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma wanda ke cikin rajistarta ne kawai ke da ikon amsa wannan suna a bakin aiki, ya sa hannu ya buga hatimi. Kafin ka kai nan, sai ka gama shekara 5 ɗinka ta jami'a, ka kuma tara gogewar aiki ta aƙalla shekara 4 a ƙarƙashin waɗanda suka riga ka. Ranar da ka tsaya ka ce wa jami'i kai ke kula da wannan gini, ka ɗauki alhakin fandishon da ba ka ga zubinsa ba. In wani abu ya faru, magini zai iya ɗaukar jakarsa ya ɓace a cikin Legas, sunanka ne zai rage a takarda, ya bi ka har ranar da za ka nemi rajista. Sai dai wannan rashin ikon naka shi ne mafakarka. Ba sai ka ce wa Baffa “na ƙi” ba. Tsagwaron gaskiya ce in ka ce masa, “Baffa, doka ba ta ba ni dama ba tukuna.” Kuma kada ka sa hannu a kowace takarda da ta shafi ginin nan, ko da an ce maka shaida ce kawai.

Ka yi wa Baffanka adalci a zuciyarka kafin ka buɗe baki. Mutumin da ya riƙe marayu huɗu babu gori ba ya kwana yana shirya yadda zai halaka 'yan haya. Ɗan kasuwa ne da ya ga siminti da rodi kullum sai hawa suke, ya ga tsadar haya a Legas, ya lissafa cewa kowane hawa da ya ƙara wata riba ce a fili ɗaya. Ya kuma amince da magininsa yadda yake amincewa da dillalin da suka daɗe tare. Da ya ce kai ne injiniyansa, rabin maganar tsimi ne, rabin kuwa alfahari ne cewa ɗan ƙaninsa ya zama mutum. Kada ka taka wannan alfaharin. Amma a duk cikinku shi ne ya fi kowa kusa da asara. LASBCA, hukumar da ke sa ido a kan gine-gine a Jihar Legas, tana da ikon rufe ginin da ya saɓa wa izinin da aka ba shi, har ta rushe shi. Dokar tsara birane ta jihar kuma ta ce ginin da ya faɗi saboda sakacin mai shi, wurin ya zama na gwamnati, ban da shari'ar da za ta biyo baya. Ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, mutum fiye da 40 suka rasu, ciki har da mai ginin. In Baffa ya ce ai wancan dogo ne, ka tuna masa Ita-Faji a watan Maris 2019: hawa uku ne kawai, da makarantar yara a ciki, rayuka 20 suka salwanta.

Shugaban magina kuwa, kada ka sake yi masa gyara a gaban yaransa. Dattijon da aka ƙure a gaban lebura ba zai taɓa amsa kuskure ba. Shekara 30 ɗinsa ba ƙarya ba ce. Ya fi ka sanin fitar da kusurwa, da miƙar da bango, da haɗa katakon dekin, da yadda ake sa mutum ashirin su yi aiki ɗaya ba faɗa. Amma gogewa tana nuna wa mutum abin da ya taɓa tsayawa ne, ba ta faɗa masa saura ƙiris nawa ya rage a kai iyaka. Gidan da ya gina a tudu ya tsaya ba hujja ba ce a fadama. Akwai kuma tambayar da ya kamata ka samo amsarta a hankali: wa ya yanke shawarar sauya rodin? Baffa ne ya ce a rage, ko kuwa an karɓi kuɗin mai 16 an sayo mai 12? Kada ka zargi kowa babu hujja, amma ka duba rasiɗai in sun zo hannunka. In ta biyun ce, aikinka ya yi sauƙi, don babu ɗan kasuwar da ke son a ci da guminsa.

Akwai abin da ba ya jiran kowace tattaunawa. Ka san halin Legas, kango ba ya kwana shi kaɗai. Leburori, masu gadi, 'yan acaba, yawanci 'yan'uwanmu da suka zo cirani, su ke shimfiɗa kwali a ƙarƙashin dekin. In akwai masu kwana a wurin, ka roƙi Baffa yau ɗin nan a sama musu wani makwanci. Kada a jibge bulo da yashi a kan sabon dekin, kada a yi gaggawar cire gorar da ke tokare da shi. Ka zagaya da idonka: tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, filar da ta kumbura ko take zubar da ɓawo, ƙasar da ta rabu da jikin fandisho. In tsagewa tana ƙara buɗewa, ko ka ji ƙara daga jikin gini, a fitar da kowa a kira lambar agajin gaggawa, 767 ko 112, sauran magana daga baya.

Sannan ka ɗauki hotuna, da awo a jikin rodin don girmansa ya fito, ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata. Sunan injiniyan da ya yi zanen yana kan takarda, ka neme shi. Haƙƙinsa ne ya san an ɗora hawa a kan lissafinsa. In ba ka same shi ba, ka je wurin malamin da ya koya maka lissafin ƙarfin gini ko halayyar ƙasa, ka nuna masa hotunan. Da yawansu suna da rajista, kuma sun san wanda za su haɗa ka da shi a reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE.

Ranar da za ka yi wa Baffa magana, ka same shi shi kaɗai, ba a wurin ginin ba, ba a kasuwa lokacin da motoci ke sauke kaya ba. Bayan isha'i a gida, ya ci abinci ya huta. Ka fara da abin da ke ranka na gaskiya, cewa duk abin da ka sani yau da kuɗinsa ka san shi, don haka shi ya fi kowa cancantar ya fara cin moriyarsa. Daga nan ka yi masa magana da harshen sana'arsa. Baffa ya san abin da ke faruwa in an yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta daga Kano. Ba a tasha take karyewa ba. Tana tashi lafiya ƙalau, kowa ya ce ai ga shi ta ɗauka, sai a wani rami a hanyar Mokwa sifirin ya karye, kaya su ruɓe a rana. Ka ce masa ginin nan mota ce da aka ƙera don lodin hawa ɗaya, aka rage mata ƙarfe, ga shi ana shirin ɗora mata na uku. Kada ka nemi abu goma. Abu ɗaya za ka roƙa: a dakatar da zuba sabon dekin har injiniya mai rajista ya zo ya duba, a gwada ƙasa, a gwada kankare. Kuɗin wannan bai kai ko kusa da na dekin ɗaya ba.

Ka kuma nuna masa cewa duba ba ya nufin rusau. Mutum ya fi saurin sauka daga matsayinsa in ya ga wata ƙofa a buɗe. Injiniya zai iya cewa a tsaya nan a yi rufi. Zai iya cewa a ƙara wa filolin kauri da sabon rodi da kankare, ko a ƙarfafa fandishon, sannan a nemi gyaran izini a hukumance kafin a ƙara hawa. Zai iya kuma kawo labarin da ba a so, cewa sai an sauke wani ɓangare. Ko wannan ɗin ya fi sauƙi yanzu da babu kowa a ciki.

In ya ƙi sauraro, kada ka ɗaga murya, ka nemi wanda yake jin kunyarsa. Amininsa a kasuwa, ko limamin masallacin da yake salla, ko wani babba a dangi da ke gida. Ka kai musu hotuna da lissafi, ba ƙorafi ba. Malamanmu sun san hadisin da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, kuma taimakon na farkon shi ne a riƙe hannunsa. Riƙe hannun Baffa daga zuba dekin na uku yana daga cikin mafi girman abin da za ka saka masa da shi.

In duk wannan bai yi ba, ka rubuta masa gajeriyar takarda cikin ladabi, ko da saƙon waya ne, cewa kai ɗalibi ne, ba kai ke kula da ginin ba, ga abin da ka gani, ga abin da ka roƙa. Amma kada ka ɗauka takarda ta gama sauke maka nauyi. Bayan abin da ya faru a Ikoyi, an ga wasiƙar da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa daga aikin. Wasiƙar ta nuna matsayin masu ita, amma ba ta hana gini faɗowa kan mutane ba. Saboda haka in aka ci gaba da ɗora hawa a kan wannan fandisho, kuma wanda ya san aiki ya tabbatar maka da haɗari, to sanar da LASBCA ya zama dole a kanka. Ka faɗa wa Baffa da bakinka kafin ka yi, kada ya ji a waje. Zai iya yin fushi, fushin ya ɗauki lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Amma fushi ana sasanta shi.

Game da karatunka, zaman da kake yi a wurin nan ba SIWES ba ne. An ware wata shidan nan ne don ka zauna ƙarƙashin wanda ya fi ka sani. Littafin rahoton da aka ba ka, mai koya maka aiki ne zai riƙa dubawa yana sa hannu, malamin jami'a ya zo ziyara, hukumar ITF mai kula da shirin ma ta duba a ƙarshe. A wurin Baffa wa zai sa maka hannu? Ka je ofishin SIWES na makarantarku ka faɗi gaskiyar inda kake, ka nemi sauyi tun lokaci bai ƙure ba. Wannan ma hanya ce ta janyewa ba tare da ka ci fuskar kowa ba, tunda ƙa'idar makaranta ce. Ka gwada ofisoshin injiniyoyi masu zane, da ma'aikatar ayyuka a Alausa, da hukumar sufuri ta LAMATA, da ɗakunan gwajin ƙasa da kankare. Mai wannan karatu a Legas bai rasa wurin koyo ba. Gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 tana tsaye a kan ruwa tun 1990. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 a ƙofar gidanku take, haka ma tashar layin dogo na Red Line da aka ƙaddamar a 2024. A irin waɗannan ayyuka za ka ga abin da ke littafi shi ake bi a fili, har da ɗan biskit ɗin da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi.

Shi ya sa ban yarda da kai ba cewa karatun ɓata lokaci ne. Mutum nawa ne suka ɗauki rodin nan a kafaɗa, suka lanƙwasa, suka ɗaura? Duk sun gan shi, kai kaɗai ka karanta shi. Darasin ƙarfin kaya da ya wahalar da kai a aji biyu, da na halayyar ƙasa, su ne suka hana ka barci yau. In ka koma aji biyar ma, ga kan binciken kammalawa a hannunka: ingancin kankare a ƙananan gine-gine, ko fandisho a fadamar da aka cike. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago suna ta gini da dukiyar da suka tara da gumi, kuma suna buƙatar injiniya mai rajista da zai zauna da su ya yi musu bayani da Hausa.

Maganar kuɗin makaranta, ban tsammanin Baffa zai yanke muku ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. In jami'arka ta gwamnati ce, ka nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024. Babu ruwa a kai, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, kuma biya sai shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa. Ka binciki tallafin karatu na jihar da kuka fito. Kwamfutarka ma jari ce: mai hannu a AutoCAD da fitar da jadawalin rodi yana samun ƙananan ayyuka a ofisoshin zane, ga koyar da lissafi da fiziks ga masu shirin JAMB. Abin da ya rage maka bai kai shekara biyu ba.

Umma kuwa, kada ka ɗauki maganarta a matsayin goyon bayan ɓarna. Mace ce da ta rasa miji, ta ga wanda ya rufa mata asiri, tana tsoron a yaye. Ka zauna da ita ka bar maganar milimita. Ka tambaye ta, in ginin nan ya faɗi aka kama Baffa, aka kama ka tare da shi, wa zai riƙe ƙannenka? Ka nemi ta sa maka albarka kafin ka je, in ma za ta iya, ta yi wa matar Baffa magana ta nasu ɓangaren, don sau da yawa abin da aka ƙi ji a zaure a cikin gida ake karɓarsa. Ko Baffa ya ɗaure fuska bayan haka, kada ka fasa zuwa gaishe shi ranar Juma'a, kada ka fasa aiken da ka saba yi masa, kuma ka hana ƙannenka sa baki a maganar.